Ɗakina ya cika da kaya, ta ina zan fara gyara?

Wata uwar 'ya'ya huɗu daga Garwa ta aiko da wannan tambaya: "Ciki da falo muke haya, ni da maigida da yara. Saman kabet, bayan ƙofa, ƙarƙashin gado, ko'ina kaya ne tuli. Duk ranar da na ce yau zan yi gyara sai in fito da komai tsakar ɗaki, kafin azahar na gaji, ga girki yana jirana, sai in tattara in mayar yadda suke. Har kunyar baƙi nake ji. Ta ina zan fara?"

'Yar'uwa, sannu da fama. Abu na farko da za ki daina shi ne wannan fito da komai tsakar ɗaki, domin shi ne yake kayar da ke, ba ƙyuya ba. Duk abin da kika ɗaga yana jiran ki yanke masa hukunci: na waye, yana aiki ko ya mutu, a ajiye ko a yar, in za a ajiye a ina. A ce abu 300 kika zube a kan tabarma, kowanne ya ci miki rabin minti na tunani, awa biyu da rabi ke nan ta tafi ba ki share ba, ba ki goge ba, ba ki ɗora tukunya ba. Kai yana riga hannu gajiya. Shi ya sa kafin a kira azahar kike jin jikinki ya mutu, ki tattara ki cusa, har abin da a da kin san inda yake ya ɓace miki. Kowane yunƙuri irin wannan kuma yana barinki da tunanin cewa ke dai ba ki iya ba, wanda ba gaskiya ba ne.

Shawararmu ita ce ki zaɓi wuri ɗaya tak, ɗan ƙarami, ki kwashe komai daga kansa, ki mayar da abin da ake amfani da shi a nan kawai, sannan ki tsare shi mako biyu ko uku ba tare da kin taɓa sauran ɗakin ba. Gyaran kansa bai wuce rabin awa ba. Tsarewar ce aikin, kuma a kanta za mu fi tsayawa.

Girman wurin kada ya wuce kamu ɗaya a tsawo, kamu ɗaya a faɗi, wato kusan rabin mita kowane gefe, kamar babban faifai. Saman ƙaramin teburin gefen gado, kanta ɗaya a cikin kabet, bakin taga, gaban madubi, alkuki in ginin na da ne, ko durowa guda. Ki duba abu uku wajen zaɓe. Ya zama wurin yana da iyaka da ido ke gani, inda za a ce daga nan ya fara, a nan ya ƙare. "Kusurwar ɗaki" ba ta da iyaka, za ki fara da ita ki tsinci kanki a ƙarƙashin gado. Ya zama yawancin abin da ke kai naki ne, yadda ba sai kin jira maigida ya dawo kin tambaye shi ba. Sannan ya zama idonki yana sauka a kansa kullum, da kin farka ko da kin ɗaga labule kin shigo. Wannan na ƙarshe yana da dalili. Hausawa suka ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Tarkacen da ya shekara a wuri ɗaya ido ya daina ganinsa, ya zama kamar bango. Idan aka sami wuri ɗaya fes a tsakiyar wannan cunkoso, ido yana samun abin gwadawa, sai ya soma ganin sauran.

Akwai wuraren da ba a fara da su ko kusa. Adakar da kayan lefenki suke ciki, akwatin marigayiya mahaifiya, jakar hotuna, tarin takardu. Waɗannan kowane abu a cikinsu yana da labari, za ki ɗaga zane ɗaya ki zauna tunani har la'asar. Haka nan kada ki fara da teburin da ke bakin ƙofa inda kowa ke sauke abin hannunsa, domin kafin magariba an sake cika shi, zuciyarki ta karaya tun ranar farko. Idan kuma gidan na haɗaka ne, ko kuna raba madafi da abokiyar zama ko uwar miji, kada gyaranki ya fara da kayan wani. Tukunyar da kike gani ta mutu, mai ita ta san ranar da ta saye ta.

Ki sa lokacin da ba ki da wuta a murhu. A zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ba ya zaunuwa da tsakar rana, don haka ki yi bayan yara sun fita makaranta da sassafe, ko bayan la'asar sakaliya. Kada ki sayi komai. Wannan kuskure ne da ake yawan yi: a tafi kasuwa a kwaso kwanduna da robobi masu murfi tun ba a san abin da zai rage ba, ƙarshe su ma su zama tarkace, ko su zama ma'ajiyar abin da ya kamata a yar. Abin da kike bukata yana gidanki: tsohon zane ko tabarma da za ki shimfiɗa a ƙasa, baho ɗaya, leda babba ɗaya, kwali ɗaya, gwangwanin madara wanda ya ƙare, tsumma biyu, da ruwa kaɗan a roba. Leda ta shara ce. Baho na abin da yake da amfani amma ba nan ne wurinsa ba. Kwali na abin da za a bayar ko a sayar. Gwangwani na 'yan ƙananan abubuwan da ba ki san na mene ne ba. Ki sa ƙararrawar waya minti 30, ki kife wayar.

A ce gaban madubi kika zaɓa. Ki kwashe komai, har ƙyallen da aka shimfiɗa, ki zube a kan zanen. Komai, kada ki bar ko tsinken kwalli da cewa ai wannan dama nan yake. Dalili shi ne, idan kina tsintar abin cirewa ɗaya bayan ɗaya, kowane abu zai zauna sai in kin sami hujjar korarsa. Idan kuwa wurin ya zama fili, kowane abu sai ya kawo hujjar dawowa, kuma kaɗan ne ke da ita. Za ki ga abin da ke fitowa: kwalabar turare uku da babu ko ɗigo a ciki, man shafawa da ya narke ya rabu biyu, ɗan kunne ƙafa ɗaya, cajar wayar da aka sayar tun bara, katin ɗaurin auren da aka riga aka yi sunan ɗan fari, ragowar maganin tari, makullin da ba wanda ya san ƙofarsa, sulallan sefa da suka manne da gindin kwalba. Idan kabet ne ko wani abu da ya jingina da bango, kada ki zura hannu bayansa a makance. Ki haska tocila tukuna, ki jawo kayan da sanda ko bakin tsintsiya, domin kunama tana son irin wannan lungu mai duhu da ba a motsa shi.

Sai ki zauna, ki riƙa ɗaukar abu ɗaya ɗaya, kina yi masa tambaya guda: na yi amfani da kai a wannan wurin cikin makon nan? In e, ya tsaya a hannun dama. In a'a, ya shiga ɗaya daga cikin mazuban nan huɗu. Abin da ya wuce numfashi biyu ba ki yanke ba, jefa shi a gwangwani ko baho ki wuce. Doka mafi muhimmanci a nan ita ce ba tashi. Kin ga cokali, kada ki ce bari in kai madafi yanzu. Da kin je za ki tarar da wanke-wanke, ki ce bari in ɗauraye kofi biyu, daga nan maƙwabciya ta yi sallama, shi ke nan gyara ya mutu a kan zane. Cokali ya jira a baho.

Wajen gogewa, tsumma mai ɗan danshi ake fara sawa, sannan busasshe. Karkaɗe ƙura da busasshen tsumma tashinta kawai yake yi, ta shiga hanci, ta dawo ta kwanta inda ta taso. A matse tsumman sosai in katakon irin na garin katako ne da aka matse, wanda yawancin kabet da gadajen kasuwa suke da shi yanzu, domin in ruwa ya shiga gefensa kumbura yake yi, kuma ba ya komawa. Tunda wurin ya zama fili, ki duba bayansa da ƙafafunsa. Idan kin ga siririn layin jar ƙasa ya hau bango ko katako, hanyar gara ce. Ki kankare, ki janye kayan daga bango kamar faɗin yatsu huɗu, ki ɗora ƙafafun a kan bulo ko fasasshen tayil, ki riƙa leƙawa duk mako. In layin ya dawo, sai a gaya wa mai gidan haya, domin gidan garar yana cikin ƙasa ko gini.

Yanzu mayarwa. Kada abin da zai dawo ya wuce biyar zuwa bakwai, kuma rabin wurin ya zauna babu komai. A gaban madubi, misali: man shafawa ɗaya, turare ɗaya, kwalli, mataji, da ɗan kwano na ɗan kunne da zobe. Ki ɗauko tire ɗaya daga cikin na jerenki, ki ɗora su duka a kai. Tiren nan yana aiki biyu. Yana zama iyaka, abin da bai sami wuri a kansa ba ba na nan ba ne. Kuma da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙura ke kwanciya a kan komai cikin yini guda, ɗaga tire ɗaya ki goge ƙarƙashinsa ki mayar ba ya cin daƙiƙa ashirin, alhali ɗaga kwalabe talatin ɗaya bayan ɗaya shi ne abin da ya sa kika daina gogewa tun asali. Za ki ji zuciyarki tana cewa wurin ya yi fayau, a sa fulawar roba ko a jera kofuna. Ki daure. Mun saba da cewa cikar ɗaki ita ce darajar mace, kuma jere yana da kyansa, amma jere daban, tari daban. Wannan fili da kika bari shi ne inda za ki ajiye ɗankwali yayin da kike shafa mai, shi ne amfanin teburin.

Inda gyaran mutane da yawa ke lalacewa shi ne bahon nan. An gama, wuri ya yi kyau, an tura baho bayan ƙofa da niyyar anjima, bayan wata biyu yana nan, har an ɗora masa wani. Wannan sauya wa tarkace mazauni ne kawai. Don haka minti goma na ƙarshe na baho ne: ki ɗauke shi a hannu, ki zaga, cokali madafi, littafi jakar mai shi, wandon yaro cikin wanki. Ko wurin da abin zai je shi ma a hargitse yake, ki ajiye a can ki juyo, ranarsa tana zuwa. Ledar shara ta fita daga gidan a ranar, a ɗaure, domin in ta kwana yara za su buɗe ta su dawo miki da rabi. Ba a zuba ta a kwata, ba a kuma ƙona roba a tsakar gida, hayaƙinta yana cutar da ƙirjin yara. Kwalin bayarwa ki yanke masa rana da mutum: Juma'a, wance. Kwalabe masu kyau da murfinsu masu sayar da man gyaɗa da zoɓo, wanda ake kira folere a nan, suna so. Tsohon ƙarfe da fasasshiyar tukunyar dalma akwai masu yawo suna saye. Suturar da ta yi wa yara kaɗan, in ba za a ba dangi ba, dillaliya za ta karɓa. Gwangwanin 'yan ƙananan abubuwa ki rubuta masa kwanan wata, ki nuna wa maigida da dare. Abin da aka yi wata uku ba a neme shi ba, ya tafi.

Akwai abubuwan da kusan kowane gyara sai an ci karo da su, kuma ba a yi musu hukuncin gaggawa. Na farko magani. Ki duba kwanan ƙarewarsa a gefen kwali ko a ƙarshen farantin da ƙwayoyin ke jere a ciki, inda aka buga wata da shekara. Amma kwanan nan na maganin da ba a buɗe ba ne. Garin amoksisilin na yara da aka zuba wa ruwa ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu, gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsa. Maganin ɗigawa a ido yawanci mako huɗu ne bayan buɗewa. Ƙwayar da ta fita daga farantinta ba suna, ko ta canja launi, ko ta dame, ba a ajiye ta. In kin ga ragowar maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda na kwana uku ne cif, to wani bai ƙarasa shansa ba, kuma wannan ya fi tarkacen zama abin damuwa. Yawancin magunguna an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30, saboda haka bakin taga da saman kabet kusa da kwano su ne mafi munin wuri a garuruwanmu. Ki tara masu kyau a roba ɗaya mai murfi, a durowa mai makulli ko wani wuri mai inuwa da hannun yaro ba ya kaiwa. Waɗanda suka lalace ki tambayi farmasi ko asibitin unguwa ko suna karɓa. In ba sa karɓa, ki fitar da su daga farantin, ki cakuɗa da jiƙaƙƙen toka ko ƙasa a leda, ki ɗaure tam, yadda yaron da ke tonon bola ba zai ɗauka alewa ce ba.

Na biyu takardu. Ranar gyara ba ranar karanta su ba ce, ki tara su a leda ɗaya ki ajiye. Amma wasu kaɗan ki ware su nan take: takardun haihuwar yara, katin ɗan ƙasa, katin rigakafi, takardar aure, sakamakon makaranta, takardar fili ko yarjejeniyar haya. Kin san yaro ba ya zama jarrabawar kammala firamare sai da takardar haihuwa, kuma in ta ɓace ko gara ta ci, neman wata yana kai mutum ofishin magajin gari, wani lokaci har kotu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki ɗauki hoton kowacce da waya, ki sa na asalin a leda mai kauri, ledar a cikin roba ko gwangwani mai murfi, ki ɗora a sama, ba a ƙasan akwati ba. Waɗanda suka ga ambaliyar 2012 a Garwa, ko ta 2024 a Yagwa da Kusiri, sun san cewa in ruwa ya shigo da dare, abin da hannu ya iya ɗauka a tashi ɗaya shi ne ke tsira. Rasit irin mai santsi da na'ura ke fitarwa zafi yana goge rubutunsa cikin 'yan watanni, don haka in na abu mai muhimmanci ne, hotonsa ne zai yi miki amfani.

Takardar da ke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah, kamar yagaggen littafin Islamiyya, tsohuwar kalanda ko katin gayyata mai bismillah, ba ta shiga ledar shara. Mata da yawa wannan ne ke tsayar musu da gyara, don ba su san yadda za su yi da su ba, sai su bar tarin gaba ɗaya. Ki ware musu ambulan ko leda mai tsabta. In ta cika, a ƙone su a wuri mai tsarki a binne tokar, ko a binne su inda ba a takawa, ko a ba malamin unguwa.

Sai abubuwan da ke iya kisa. Ƙaramin batir mai kama da kwabo, irin na agogo da rimot da kayan wasa, in yaro ya haɗiye yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin awa biyu, don haka ko ya mutu ba a barinsa a kan tebur. Batirin waya da ya kumbura ba a huda shi, ba a jefa shi a wuta, a kai wa masu gyaran waya. Maganin ɓera, maganin feshin auduga da ake shigowa da shi daga gona, kananzir ko fetur ɗin bakin hanya, wanda ake kira zuwa-zuwa, da aka ɗura a gorar ruwa ko ta lemo, duk waɗannan ba su da wuri a ɗakin kwana ko kusa da abinci. Yaro mai ƙishi ba ya karanta kwalba. In kin tarar da irinsu, ki fitar da su kafin ki ci gaba da komai.

To, wuri ya gyaru. Abin da zai biyo baya ki sa shi a ranki tun yanzu: fili yana kiran kaya. A ɗakin da ko'ina ya cika, wurin da babu komai shi ne kaɗai inda za a iya ajiye abu, don haka kowa can zai nufa. Da dare za ki ga makullin babur da hular maigida, caja, littafin lissafin yaro, canjin cefane. Kada ranki ya ɓaci, kada kuma ki ce aikin ya rushe. Ki kwana uku kina lura da abin da ke sauka a wurin. Za ki ga ba abubuwa da yawa ba ne, guda huɗu ko biyar ne suke ta dawowa, kuma suna dawowa ne saboda ba su da mazauni a gidan. Faɗa ba ya korarsu, sai an ba su wurinsu. Makulli yana son ƙusa a gefen ƙofa, daidai kafaɗar mai shi, a ɓangaren da hannunsa ke kaiwa in ya shigo. Jakunkunan makaranta suna son ƙusa kowacce tata, daidai tsawon yaron, domin in ta fi ƙarfin hannunsa a ƙasa zai yar. In bangon siminti ne ki nemi ƙusar kankare, ta katako lanƙwashewa take yi ta fasa shafe, kuma a gidan haya a sanar da mai gida kafin a buga. Canji yana son gwangwani. Caja tana son zama kusa da soket, a ɗaure ta da ɗan zare in tana yawo. Sharaɗin shi ne sabon mazaunin ya fi teburinki sauƙin kaiwa. In sai an buɗe durowa an ɗaga murfi, ba wanda zai yi.

Yadda za ki gaya wa mutanen gidan ma yana da tasiri. "Ku daina watsa kaya" magana ce da ba wanda ya san ta inda zai kama ta. Ki ce wa maigida, "Baban yara, ga ƙusa nan na sa a buga maka saboda makulli, don kada a riƙa nema da safe." Ya ga amfanin kansa a ciki. Yara kuma ki nuna musu da hannu: wannan tiren na Mama ne, ba a ɗora komai a gefensa. Doka ɗaya a kan wuri ɗaya ko ɗan shekara huɗu yana riƙewa. Babbar 'yarki kada ki mayar da ita mai gadin wurin, ki bar ta ta gani, sau da yawa da kanta za ta nemi nata.

Kowane dare ki ba wurin minti biyu: kwashe baƙin kaya, kai su mazauninsu, shafa tsumma. Ki ɗaura wannan a jikin abin da dama kina yi ba fashi, kamar bayan sallar isha kafin ki naɗe darduma, ko kafin ki sauke gidan sauro. "In na sami lokaci" ba ya zuwa. Wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a wata jami'a a Landan, aka buga a 2009, ya bi mutanen da ke ƙoƙarin saba wa kansu da sabon aiki na kullum. Matsakaicin lokacin da aikin ya ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, wasu 18, wasu har sama da 250. Abin da ya fi amfani gare ki a ciki shi ne sun ga tsallake rana ɗaya ba ya rushe sabon. Ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi ko kika dawo daga biki a gajiye, ki kwanta abinki, washegari ki gyara. Abin gudu shi ne a jera kwana uku, domin a nan ne abu ɗaya ke zama biyar, ido kuma ya koma rainawa.

Kada ki yi saurin ƙara wuri na biyu. Alamar lokaci ya yi ita ce wurin farko ya ga rana mai wuya, an yi baƙi ko suna ko rashin lafiya, ya hargitse, kuma kin mayar da shi cikin minti biyar ba tare da kin yi tunanin inda kowane abu zai je ba. Sannan ki ɗauki wanda ke maƙwabtaka da shi, durowar ƙarƙashinsa ko kantar gefensa, yadda gyararren wurin zai riƙa faɗaɗa a haɗe. Wuri ɗaya a mako ya isa. Ciki da falo ba su cika wuce irin waɗannan wurare ashirin zuwa talatin ba, kin ga cikin wata biyar zuwa bakwai an zagaye, ba tare da an taɓa zube kaya a tsakar ɗaki ba. Da kika zo kan ledoji da robobi da gwangwanaye, waɗanda kowa ke tarawa don za su yi amfani wata rana, kuma lallai suna yi, ki bar mazubi ya yanke hukunci: leda ɗaya ta ledoji, baho ɗaya na robobi masu murfi, in ya cika sabo ba ya shiga sai tsoho ya fita. Kayan da ke ƙarƙashin gado a kwali ki yi ƙoƙari ki kai kansu kafin damina ta kankama a Yuli da Agusta, domin kwali a ƙasa yana shan danshi, kyankyaso yana ƙwai a cikinsa, takalman fata kuma su yi fumfuna.

Wani abu da ba za mu tsallake ba. Idan kin ga ko wannan rabin awar ta gagare ki, ba ki jin daɗin komai, barci ko ci ya canja, musamman in kin haihu ba da daɗewa ba ko an yi miki rasuwa, to maganar ta wuce ta ɗaki, ki gaya wa ungozoma ko likita a asibitin da kike zuwa. Haka in yar da ko fankon ashana yana sa ki cikin tashin hankali har kaya sun toshe hanya. Likitoci sun san wannan a matsayin lalura, kuma ana taimakawa. A irin wannan hali dangi kada su zo su kwashe kayan mutum ba da saninsa ba, abin ƙaruwa yake yi.

Adaka da akwatin marigayiya su ne na ƙarshe, bayan hannunki ya saba da yanke hukunci a kan kwalabe da cajoji. Ranar da za ki buɗe su ki kira yayarki ko aminiyarki ta zauna kusa, ki fitar da zane biyar kawai, ki rufe sauran. In a ciki akwai abin da ba a raba gado a kansa ba, ki ware shi gefe har a yi magana da sauran magada. Zannuwan da za su koma ki shanya su a inuwa yini ɗaya su sha iska, ki sake ninke su ta wani layi daban, domin atamfa da ta shekara a ninki ɗaya a kan layin take fara yagewa.